Ba Sawa Ke Kashe Riga Ba

Rigar da aka ɗinka a masana'antar Turai ko ta Sin takan zo da wani ɗan ƙyalle a wuya ko a gefen ciki, ɗauke da ƙananan zane-zane: baho da ruwa, alwatika, dutsen guga mai ɗigo ɗaya ko biyu ko uku. Wata ƙungiya mai suna GINETEX, da aka kafa a Faris a 1963, ita ta tsara waɗannan alamomi, don mai riga ya san yadda zai wanke ta ko da bai iya harshen ƙasar da aka yi ta ba. Ɗigo ɗaya a jikin dutsen guga yana nufin kada zafi ya wuce kamar digiri 120, biyu 160, uku 210. Hannu a cikin baho yana nufin a wanke da hannu. Alwatikar da aka soke da gicciye tana hana bilici.

Babbar rigar da aka yi wa aiki a Zariya ba ta da wannan ƙyalle. Haka zanen atamfar da aka yanko a Kantin Kwari, haka hular da aka yi makonni ana ɗinkawa a Bama. Mafi yawan abin da Bahaushe yake sawa ranar Juma'a da ranar Salla da ranar biki, tela ne ya ɗinka, kuma tela ba ya liƙa umarni. Umarnin wankin tufafinmu a baki yake. Yana cikin kalmomin da uwa take faɗa wa 'yarta a bakin rijiya, da waɗanda mai wankau yake faɗa wa yaronsa, kuma muddin kalmomin suna raye, sanin yana raye.

Abin da ke damuna shi ne kalmomin suna ƙanƙancewa. Yaron yau “wanki” kawai ya sani: a zuba omo a baho, a tula kaya fari da baƙi, a cuɗa, a shanya. Ni kuwa na tabbata riga ta fi mutuwa a cikin baho da kan igiya fiye da a jikin mai ita. Sawa tana cin wuya da gwiwar hannu da mazauni, a hankali, shekara da shekaru. Mugun wanki yana cin ko'ina a lokaci guda. Zaren auduga ƙananan gasu ne aka murɗe wuri ɗaya, kuma kowace cuɗa, kowane ja na buroshi, yana tsinke wasu. Wanda ya duba gindin baho bayan an wanke sabon tawul zai ga abin da nake nufi yana yawo a ruwa. Shi ya sa maganar da iyaye mata suke yi, “Ke, wannan ba wanki take so ba, ɗauraya ce,” ba ƙyuya ba ce. Rigar da aka sa aka je masallaci aka dawo cikin sa'a biyu ba ta da haƙƙin sabulu. Wani lokaci ko ɗaurayar ba ta buƙata, a rataye ta ta sha iska ya wadatar.

Jiƙo shi ne mataki na farko da gaggawa ta cinye. Dattin wuyan riga ba ƙura ce kaɗai ba, maiƙon jiki ne ya liƙe ƙurar a jikin zare, kuma ruwa shi kaɗai ba ya kama maiƙo. Aikin sabulu ke nan: kowace ƙwayarsa gefe ɗaya yana kama mai, ɗaya gefen yana kama ruwa, sai ta ɗago maiƙon ta miƙa wa ruwa ya tafi da shi. Wannan aiki lokaci yake so. Wanda ya jiƙa kaya ya bar su rabin sa'a, sabulu ya yi masa rabin aiki, hannunsa ya huta, zaren ma ya huta. Wanda bai jiƙa ba, da ƙarfi zai rama, kuma rigar ce za ta biya. Hausawa sun ce abin da ruwan zafi ya dafa, in aka yi haƙuri ruwan sanyi ma zai dafa, kuma ban san inda maganar ta fi zama daidai kamar a bakin baho ba. Sai dai jiƙo yana da iyaka. Farin kaya yana iya daɗewa, amma atamfa ko rinanniyar shadda da ta kwana a ruwa za ta tashi da wari, ta kuma bar rabin launinta a baya.

A nan harshe ya raba cuta biyu da ido yake gani kamar ɗaya. Akwai zuba, akwai koɗewa. Tufa tana zuba a ruwa, rinin da bai kama zare ba ya fita, ya shiga maƙwabciyarta, farar singileti ta koma ruwan hoda. Tana koɗewa a rana, domin haske yana karya launi. Tun da cutar biyu ce, maganin ma biyu ne. Maganin zuba a ware kaya, a wanke sabon zane shi kaɗai da ruwan sanyi, kada a bar shi ya daɗe. Maganin koɗewa a juya tufa baibai kafin shanya, a nemi inuwa mai iska, a kuma kwashe da zarar ta bushe. Ranar Maris da Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi tana busar da riga cikin ɗan lokaci, sauran yinin da aka bar ta a igiya cin launi kawai take yi. Farin kaya ne kaɗai yake ƙaruwa da rana.

Kalmar da na fi girmamawa a wannan fage ita ce ɗauraya, domin a nan ne tsafta da tsarki suke haɗuwa. Bahaushe ya san bambancinsu. Riga tana iya zama fes da tsafta amma ba ta da tsarki, in ɗigon fitsarin jariri ya taɓa ta. Tana iya yin baƙi ƙirin da ƙasar gona amma a yi salla da ita. Umarnin tsarkake tufafi yana cikin ayoyin farko na Suratul Muddassir. A mazhabar Malikiyya kuma, wadda akasarin Hausawa suke bi, hukuncin najasa ba ya gushewa sai da ruwa tsantsa, wanda wani abu kamar sabulu bai sauya masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba. Ke nan ruwan kumfa yana fitar da datti, amma ruwan ƙarshe, wanda yake garau, shi ke mai da riga abar salla. Tsofaffinmu mata da yawa ba su taɓa buɗe Risala ba, amma ba za su yarda a shanya zane daga ruwan kumfa ba. Abin sha'awa, abin da fiƙihu ya nema shi ne kuma abin da zare yake nema. Sabulun da ya saura a tufa yana sa ta tauri, yana jawo sabuwar ƙura, yana sa ƙaiƙayi a fatar yaro, in kuma dutsen guga ya hau kansa sai farin ya fara komawa rawaya. Jirwayen da ake gani a baƙin wando bayan ya bushe, shaidar rowar ruwa ce. Na san ruwa kuɗi ne a unguwannin da ake dogaro da 'yan garuwa. Amma in dole a yi tsimi, a rage omo, kada a rage ɗauraya. Yawan kumfa ba shi ne yawan tsafta ba, yana ƙara yawan ruwan da za a nema ne kawai.

Ruwan ma iri-iri ne. Wanda ya taɓa wanki da ruwan rijiya mai zartsi ya san sabulu yana ƙin kumfa, ya bar wani farin dusa-dusa. Gishirin ƙasa da ke cikin ruwan ne yake kama sabulun ya kashe shi. Ruwan sama ba shi da wannan, shi ya sa wankin damina da ruwan indararo yake fita da ɗan sabulu kaɗan. Kafin garin omo ya zo har sunansa ya zama sunan kowane garin wanki, da toka da kanwa da sabulun salo ake yi. Ruwan toka da kanwa suna yanka maiƙo, kuma shi kansa sabulun gargajiya toka ce da mai aka dafa.

Tabo kuwa ba datti ba ne, kuma kowane tabo da halinsa. Jini ruwan sanyi yake so, ruwan zafi yana dafa shi ya zauna daram. Manja sai an fara cire maiƙonsa da sabulu, sauran jan rana tana cinye shi. Tsatsar da igiyar ƙarfe ta bari, ruwan lemun tsami da gishiri ne maganinta, bilici ƙara kafa ta yake yi. Goro ba ya jira, in ya bushe ya sha guga, ya zama ɗan gida. Turare mai maiƙo, wanda muke so ƙwarai, shi ne ya fi ɓata ƙirjin shadda, gara a shafa a jiki a bari ya sha kafin a sa riga. Shi kuwa bilici, wanda ake zubawa yanzu kamar ruwan famfo, yana sa fari ya yi haske yau, ya rage wa auduga ƙarfi gobe, siliki da ulu kuma lalata su yake yi gaba ɗaya. Kada kuma a taɓa haɗa shi da ruwan wanke masai, hayaƙin da ke tashi guba ne. Iyayenmu da bula suke gyara fari. Bula ba ta cire komai, ɗan shuɗin da take bari ne yake rufe rawayar tsufa, ido ya ga fari tas, zare kuma bai rasa komai ba.

Akwai tufafin da gyaransu ba a ruwa yake ba sam, kuma a nan ne nake ganin zurfin sanin mutanen da. A Ƙofar Mata cikin Kano, inda ake cewa an fara rini tun 1498, har yau ana tsoma zane a ruwan baba da toka. Baba ba ya narkewa a ruwa sai ya ruɓa a cikin rijiyar rini, kuma zanen da aka tsamo yakan fito kore-kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi a gaban idonka. Saboda haka launin a bayan zare yake zaune, yana kuma fita da guga da cuɗa. Lokacin da Heinrich Barth, wanda aka sani a nan da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya tarar rinannun tufafin ƙasar suna kaiwa har Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Mafi daraja cikinsu su ne irin na garin Kura, rawani ɗan Kura da riga kore, waɗanda ake barbaɗa wa shuni a buga har su riƙa walƙiya. Buzaye suna sayen su da tsada, shunin yana fita a fatarsu, suna kuma alfahari da hakan. Irin wannan tufa in ta ga baho, darajarta ta tafi. Ana kakkaɓe ta, a shanya ta a inuwa, a ninke ta a kan ninkinta na asali, in ta dusashe a mai da ita wurin mabuga.

Bugu sana'a ce mai zaman kanta. Mabuga suna zaune gaban gungume mai santsi, kowa da ƙatuwar gudumar itace, suna saukar da ita bi da bi a kan tufar da aka ninke aka yayyafa wa ruwa. Dukan yana kwantar da zare ya baje shi, fuskar tufa ta yi sumul, haske ya riƙa tashi daga kanta. Ba wuta, saboda haka ba ƙuna. Shaddar zamani ma haka take. Gezna, wadda kamfanin Getzner yake saƙawa a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya, auduga ce, kuma yawancin ƙyallinta daga matsi da gogewar da aka yi mata a masana'anta yake. Wankin farko da ruwan zafi da buroshi yana iya raba ta da abin da aka biya kuɗi dominsa. Marinan Bamako, masu galila, da ƙaro suke ƙarfafa shadda sannan su buga. Duk wanda ya taɓa kwatanta shaddar da aka buga da wadda aka goge ya san ba ɗaya ba ne. Ina baƙin cikin ganin matasa da yawa suna sayen shadda mai tsada ba su san akwai inda ake bugu a garinsu ba.

Ba wai ina ƙin guga ba. Har yau muna cewa dutsen guga ko da na lantarki ne, kuma na gawayi bai bar kasuwa ba, don wuta ba ta da tabbas. Guga tana da amfanin da ya wuce ado. Akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa da kan tufafin da aka shimfiɗa, musamman masu sauran gumi ko fitsari, tsutsarsa ta shiga fata ta tashi kamar maruru. Zafin guga yana kashe ƙwan, shi ya sa kayan jarirai da aka shanya a ƙasa ko kan ciyawa da damina suke buƙatar ta ciki da bai. Amma dutse ɗaya ba ya yi wa kowace tufa. Auduga tana ɗaukar zafi sosai. Yadin roba, wanda ya cika kasuwa yanzu, narkewa yake, kuma ƙyallin da dutse mai zafi yake bari a baƙin wando alamar zare ya fara ƙonewa ce, ba ta komawa. Aikin babbar riga, aska biyu ce ko aska takwas, ta baya ake goge shi, a kan abu mai taushi, don kada zaren ya kwanta ya mutu.

Hula tana da nata masu wanki, da buroshi mai laushi da sitaci da katakon da ake kifa ta a kai don kada ta rasa siffa. Kaurinta yana sa ta jinkirin bushewa, kuma daga nan aka samo maganar wankin hula da ke kai mutum dare. Wanda ya san makonnin da ake ɗauka ana ɗinka zanna bukar da allura ba zai murɗe ta kamar safa ba.

Sitaci yana sa kaftani ya tsaya, yana kuma hana datti shiga zare, don a kansa yake zama ya fita tare da shi. Amma na rogo ne ko na masara, wato abinci, kuma kyankyaso da asu sun san haka. Tufar da za a adana ta daɗe, a wanke ta a bar ta ba sitaci. A tabbatar ta bushe ƙayau, domin ɗan danshi a cikin akwati da damina shi ke haifar da fumfuna, kuma tabonta ba ya fita da sauƙi. Kada a adana abin da aka sa ko da sau ɗaya ba a wanke ba, gumin da ido bai gani ba yau shi ne rawayar da za a tarar bayan wata shida. Kayan lefe da ke kwance a akwatuna suna son a riƙa fito da su suna shan iska, a sauya musu ninki, don zare yakan karye a kan layin da ya daɗe a lanƙwashe. Sai kafur. Ƙwayoyin nan farare da ake jefawa cikin kaya suna korar ƙwari, amma likitocin yara a Najeriya sun daɗe suna gargaɗi a kansu: akwai jarirai da yawa da ake haifa da wani rauni na gado a jini, kuma shaƙar kafur daga tufafi yana iya fasa musu ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani. Kayan jariri da na mai jego kada kafur ya kusance su. Tsafta da bushewa da turaren wuta a kan kabbasa sun isa.

Duk wannan aiki hannun wani ne. Mata ne a tsakar gida, da almajirai, da zawarawan da wankau ya riƙe musu marayu, da masu wanki da guga da ke tsaye yini guda kan dutsen gawayi. Hannuwansu suna tsagewa da hunturu saboda omo da ruwan sanyi. Mai fita fes ranar Juma'a ana yaba shi, ba a tambayar wa ya tsaya a bayan wannan farin. Ina ganin kuskure ne a tashi ɗa namiji bai iya wanke rigarsa ba, domin wanda bai taɓa cuɗa wuyan riga ba bai san abin da yake nema a wurin wani ba, kuma shi ne ya fi yi wa mai wankau ciniki mai zafi.

Me ya sa ake wannan wahala a kan ƙyalle? Domin Bahaushe yana kiran tufa sutura, kuma yana roƙon Allah Ya suturta shi da ma'anar Ya rufa masa asiri. Talaka mai riga biyu da ya iya wanki da ninki yana shiga taro ba wanda ya san halin da ya baro a gida. Kuma a tsarin da muka gada, riga ba ta mutum ɗaya ba ce. In ta yage a yi mata maho. In farar shadda ta gaji da fari a kai ta marina ta dawo shuɗiya ko ruwan ƙasa, ta sake wasu shekaru. In ta yi wa mai ita kaɗan, ko ya samu wata, ta zama kwance, ta sauka ga ƙane ko ɗan'uwa ko maƙwabci. Babbar rigar uba tana iya fitar da kaftanin yara biyu. Zanen uwa ya zama majanyin goyo, daga nan ya zama tsumman jariri, a ƙarshe tsumman goge ɗaki. Kowane mataki da sunansa, kuma ba a tsallake ɗaya. Rigar da bilici da buroshi suka cinye cikin shekara ɗaya ba ta kaiwa ga kwance, daga jikin mai ita sai bola, kuma wanda ya yi asara shi ne wanda da zai gaje ta. A yau da kuɗin yadi ya fi ƙarfin mutane da yawa, har gwanjo ma ya yi tsada, wannan asara ba ƙarama ba ce.

Kwance ma yana da ladabi. Ba a ba mutum abin da ya riga ya zama tsumma a kira shi kyauta. Mai karatu, in akwai riga ko zane a akwatinka da Salla biyu suka wuce ba ka taɓa ba, fito da shi tun yana da ƙarfi, kafin asu ya riga ka. Ka sa a wanke shi, a ɗauraye da kyau, a mai da maɓallin da ya cire, a goge a ninke, sannan ka miƙa wa wanda ka san yana buƙata, a ɓoye.